Kazar Kasuwa Ba Ta Shiga Keji Ranar Da Aka Sayo Ta



A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya, cikin jihar Damagaram. Cuta ba ruwanta da kan iyaka, a cikin kwando take tafiya. Mu kuwa kowace Alhamis kasuwar Maigatari na haɗa kaji, zabbi da agwagi daga Najeriya da Nijar. Nan abincinmu yake, nan kuma hatsarin yake.

Abin da nake yawan gani shi ne mutum ya samu kaji da araha, yana isa gida ya zuba su cikin nasa. To ai kaza na iya ɗauke da cutar kwanaki ba ta nuna ba. Agwagwa ma takan yaɗa ta tana yawonta lafiya lau.

Don haka duk sabon tsuntsu a killace shi sati biyu zuwa uku, nesa da keji, da mazubin abinci da na ruwa daban. Ka fara gama hidimar tsofaffin, sannan ka je wajen sababbin. Ka ajiye ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, da takalmin da ba ya fita waje. Dillali ya tsaya a waje, kiret ɗin ƙwai na takarda da ya zaga kasuwa kar ya dawo ciki. Masu kifi, haka nan sababbin 'ya'yan tarwaɗa: mazubinsu daban, ragarsu daban.

In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, zankonsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, don Allah kar a ruga kasuwa da sauran. Asararka ce za ka raba wa maƙwabta. Ka tsayar da shiga da fita, ka kira likitan dabbobi, su ne za su tura samfur cibiyar bincike ta Vom. Mushe a binne shi da zurfi, kar yara su taɓa, don cutar tana kama mutum.

Kai kwana nawa kake killace sababbin kajinka? Allah ya tsare mana dukiyarmu.