Wahalar Gudu da Daɗinsa: Me Kimiyya Ta Gano?

A yawancin makarantun sakandare, da zarar an sa ranar gasar wasanni tsakanin gidaje, sai a ga fili ya cika da ɗalibai tun da sanyin safiya, kowa ya ɗaura niyyar zama gwanin gudu. Ran farko yaro zai fita a guje kamar an biyo shi, kafin ya zagaya filin ƙwallo sau biyu numfashi ya sarƙe, ƙirji yana zafi, wani abu kuma yana sukarsa a gefen haƙarƙari. Kashegari ya tashi cinyoyi sun yi tsami, ko durƙusawa ba ya iya yi sai da cije baki. A rana ta uku sai ya ce ai shi ba a halicce shi don gudu ba, ya koma gindin bishiya yana kallon waɗansu. Haka nan malamin da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko teɓa, sau da yawa takalman da ya saya ba su cika mako biyu suna aiki. To, shin masu cewa suna jin daɗin gudu gaskiya suke faɗi, ko kuwa cika baki ne kawai?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan wahala ba ta bar kowa ba. A ƙarshen shekarar 1962, Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, ya kai ziyara ƙasar Niyu Zilan, inda takwaransa Arthur Lydiard ya kafa ƙungiyar masu gudun sassarfa don lafiya a birnin Auckland. Aka gayyaci Bowerman fita tare da su. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koya wa zakaru gudu sai ga shi a ƙarshen layi yana haki, har wani dattijo mai shekara fiye da 70, wanda ya taɓa fama da ciwon zuciya, ya rage sauri don ya taya shi tafiya. Kunyar wannan rana ta sa Bowerman ya ci gaba da fita a hankali har jikinsa ya saba, daga baya kuma shi da wani likitan zuciya suka rubuta littafi a kan gudun sassarfa wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Me Ya Sa Farkon Gudu Ke da Wuya?

Tsoka ba ta motsi sai da makamashi, hanya mafi ɗorewa ta samar da shi kuwa ita ce ƙona sukari da kitse da iskar oksijin wadda jini ke kawowa daga huhu. Idan mutum yana zaune, zuciyarsa tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, amma idan gudu ya yi tsanani takan tura lita 20 ko fiye, kuma mafi yawansa tsokoki ne ke karɓa. Matsalar ita ce, ƙafafu suna fara aiki nan take, ita kuwa zuciya da huhu da jijiyoyin jini sai sun ɗauki minti biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin su kai ga biyan bukatar. A wannan tsakani tsoka takan dogara da wata hanya ta gaggawa wadda ba ta bukatar oksijin, amma ba ta daɗewa, tana kuma ƙara tsami a cikin tsoka da jini, abin da ke sa numfashi ya ƙaru. Masanin nan na Ingila A. V. Hill, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1922 saboda bincikensa a kan tsoka, shi kansa magujin ne, kuma yana cikin waɗanda suka fara auna wannan giɓi na oksijin a jikin ɗan Adam.

Ashe ke nan mintocin farko su ne mafiya wuya ga kowa, gwani da ɗan koyo. Bambancinsu shi ne gwani ya san abin zai wuce, shi kuwa ɗan koyo yakan tsaya daidai lokacin da sauƙi ke gab da zuwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2011 ya nuna cewa mutane sukan raina daɗin da za su ji a motsa jiki, domin idan suka tuna da shi, wahalar farkonsa ce ke fara faɗo musu a rai.

Shi kuwa tsamin jiki na kashegari, an daɗe ana ɗora laifinsa a kan sinadarin laktet, amma yanzu an tabbatar ba shi ne ba, don cikin kimanin sa'a ɗaya bayan an tsaya yake komawa daidai a jini. Abin da ke jawo shi ƙananan raunuka ne a zaren tsokar da aka sa aikin da ba ta saba ba. Yakan yi tsanani tsakanin sa'a 24 zuwa 72, sa'an nan ya lafa, kuma idan aka maimaita aikin ba ya dawowa da ƙarfinsa na farko.

Sauye-sauyen da Ba a Gani

Jiki yana fara gyara kansa tun kafin mai shi ya lura. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ruwan jini yakan ƙaru, don haka zuciya takan cika sosai, ta tura jini mai yawa a kowane bugu. Bayan 'yan makonni, ƙananan jijiyoyin jini sukan yawaita a cikin tsoka. Haka nan mitokondiriya, wato ƙananan ɗakunan da ke cikin ƙwayar halitta inda ake ƙona abinci da oksijin, su ma sukan ƙaru. John Holloszy na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya nuna a 1967 cewa ɓerayen da aka horar da gudu na tsawon makonni, ƙarfin tsokarsu na amfani da oksijin ya kusa ninkawa biyu. Wannan ne dalilin da ya sa bugun zuciyar baligi mai lafiya a zaune yake tsakanin 60 da 100 a minti, amma na magujin da ya daɗe yana horo yakan sauka ƙasa da 60. Saurin da jiya ya sa ɗalibi haki, bayan wata biyu yana iya yinsa yana hira.

Sai dai akwai tarko a nan. Zuciya da huhu sun fi ƙashi da agara da gaɓoɓi saurin sabawa, su waɗannan sai sun yi watanni. Da yawa masu koyo da zarar sun ji numfashi ya daidaita sai su ninka nisa, daga nan ciwon ƙwauri ko na gwiwa ya zaunar da su.

Daga Ina Daɗin Yake Fitowa?

A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa sinadarai nata na kanta masu kashe zafin ciwo kamar yadda maganin mofin yake yi. Dangin waɗannan sinadarai su ne aka fi sani da endofin, kuma shekaru da dama su aka ɗauka su ne sirrin nishaɗin da maguda ke ji. A 2008 masu bincike a Munich ta Jamus suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yan wasa 10 bayan gudun sa'a biyu, suka ga lalle an saki irin waɗannan sinadarai, kuma wanda ya fi sakinsu ya fi jin nishaɗi.

Amma labarin bai ƙare nan ba. A 1992 an gano wani sinadari a jiki mai suna anandamaid, wanda aka ciro sunansa daga kalmar Sanskirit mai nufin farin ciki. Shi wannan yana ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, yana rage fargaba, yana kawo natsuwa, kuma gudu yana ƙara yawansa. A 2021, a Hamburg, an ba waɗansu daga cikin mutum 63 maganin da ke toshe aikin endofin, aka sa su gudun minti 45, duk da haka suka ji nishaɗi da raguwar damuwa. David Raichlen da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona kuwa sun nuna a 2013 cewa anandamaid ba ya ƙaruwa sosai da tafiyar ƙasaita, ba ya kuma ƙaruwa da gudun fitar rai, sai da matsakaicin gudu.

Wannan ya dace da abin da Panteleimon Ekkekakis ya daɗe yana nunawa tun yana Jami'ar Jihar Iowa, wato akwai wata iyaka ta sauri wadda idan aka wuce ta numfashi yakan ɗaga farat ɗaya. Ƙasa da ita yawancin mutane suna jin daɗin motsi, sama da ita kuwa kusan kowa wahala yake ji. Ɗan koyo iyakarsa tana ƙasa ƙwarai, don haka kusan duk gudun da ya yi yana samanta. Hanyar gane ta ba ta bukatar na'ura: muddin mutum yana iya faɗin cikakkiyar jimla yana gudu, to yana inda ya dace, idan kuwa sai kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, ya rage sauri ko ya koma tafiya.

Gaskiyar magana, ba kowa ne ke samun wannan babban nishaɗi da ake labari ba, kuma masu samunsa ma ba kullum ba ne. Abin da yawancin mutane ke samu shi ne sakewar jiki, da kwanciyar hankali na 'yan sa'o'i, da barci mai daɗi, da kuma alfaharin cewa yau an kai inda jiya aka kasa.

Yadda Za a Ɗore

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da ya fi shahara ga masu koyo shi ne wanda Josh Clark ya fito da shi a Amurka a 1996, hukumar lafiya ta Birtaniya kuma ta karɓe shi. Ana fita sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko, bayan tafiyar minti 5 don ɗumama jiki, ana gudun daƙiƙa 60, a yi tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ana ƙara gudun ana rage tafiyar, har a mako na tara mutum ya iya minti 30 ba tsayawa. Wanda mako ya yi wa nauyi ya maimaita shi, ba abin kunya ba ne.

Abu na biyu shi ne sabo. Phillippa Lally ta Kwalejin Jami'a ta Landan ta bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, a rahotonta na 2010 kuma ta nuna cewa a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, waɗansu kwana 18, waɗansu har 254. Ta kuma gano cewa fashin rana ɗaya ba ya rushe ginin. Don haka a ɗaura gudun da wani abu da aka riga aka saba, alal misali bayan sallar asuba ko bayan la'asar, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a kuma riƙa rubuta mintocin kowace rana a bayan littafi don ido ya ga ci gaba.

Na uku, a nemi abokin tafiya. Wanda ya san ana jiransa a bakin ƙofa da wuya ya koma barci. Har ma an gwada 'yan wasan tuƙa kwalekwale na Jami'ar Oxford, aka ga sun fi jure ciwo bayan sun yi horo tare fiye da idan kowa ya yi shi kaɗai.

Na huɗu, a kula da yanayi. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, kada a yi gudu da rana tsaka, a kuma sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Ƙurar hunturu takan tayar da asma. Mai ciwon sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ya ga likita kafin ya fara. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya ga zai suma, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Jan Hankali ga Malamai

A makarantu da yawa, ɗalibin da ya makara ko ya yi surutu akan ce ya zagaya fili sau goma a cikin rana. Wannan horo yana koya wa yaro cewa gudu azaba ne, darasin da zai iya binsa har tsufa. Haka kuma idan kowace fita tsere ce, mutum uku ne ke murna, saura kuwa kunya suke kwasa. Ya fi kyau malami ya raba ɗalibai, maza da mata, gwargwadon ƙarfinsu, ya auna kowa da abin da ya yi a makon jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta bukaci yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, baligai kuwa minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bi mutum fiye da 55,000 na kimanin shekara 15, ya nuna cewa haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ya ragu da kashi 45 cikin ɗari ga masu gudu, kuma har masu yin minti 5 zuwa 10 a rana a hankali sun amfana.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce, ƙwarai gudu yakan zama abin jin daɗi ga mafi yawan waɗanda suka rage sauri suka kuma ba jikinsu wata biyu zuwa uku. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa amma har yanzu ransa bai so ba, bai yi asara ba, domin zuciyarsa ta riga ta ƙarfafa, sai ya koma ga ƙwallo, ko keke, ko tafiya da sauri. Shi kuwa ɗalibin nan da ke zaune a gindin bishiya, gobe da asuba ya fara da daƙiƙa 60. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.