Tsabtace Na'urar Numfashi: Abin Lura Ga Mutanen Shehuri

Da zarar hunturu ya kama a Maiduguri, babu ɗakin da ƙura ke ƙyalewa a Shehuri, unguwar da ke kewayen fadar Shehun Borno. Ga mai lalurar ɗaukewar numfashi cikin barci wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin na'urar CPAP da yake kwana da ita iskar ɗaki take zuƙa ta tura masa ta hanci. Watau in ta yi dauɗa, huhu dauɗar za ta nufa.

Abin rufe hanci kowace safiya ake wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, saboda maiƙon fuska yana lalata robar har iska ta riƙa zurarewa. Mesa da tankin ruwa kuwa mako-mako ne. A ɗauraye su sarai, a shanya a inuwa, don rana tana tsattsaga roba. Kada a sa bilic.

Tankin ba ya son ruwan rijiya ko na burtsatse, sai wanda aka tace ta hanyar tururi, kuma a zubar da ragowar kullum. Matatar iska ta soso wanke ta ake yi, ta takarda kuwa sai canji.

Ita na'urar kanta a zare ta daga lantarki, a goge da ƙyalle kawai. Wadda ruwa ya shiga cikinta, kamar yadda ambaliyar Satumba 2024 ta yi wa kayan gidajen Shehuri, kada a kunna ta sai masani ya duba.