Kafin a Ɗora Tukunya

Mai girkin biki, irin wadda ake ɗauka yau gidan wannan gobe gidan wancan, ba ta hura wuta sai ta leƙa ɗakin ajiya. Girkin a kanta yake, amma madafin ba nata ba ne. In miyar kuka za a yi, sai ta ga kukar da idonta, ta duba daddawa, ta ɗaga galan ɗin manja ta ji nauyinsa. Abin da babu, ta faɗa wa uwargida tun da sassafe a aiki yaro kasuwa. Wadda ta bari ruwa ya tafasa sannan ta fara tambayar ina kuka, ta ƙona itace a banza, baƙi kuma suna zaune.

Halin da marubucin manhaja yake ciki ke nan. Da wuya ka sami manhajar da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. In za ta yi magana da intanet cikin sirri, tana jingina da OpenSSL. In za ta matse fayil, zlib take nema. Irin waɗannan kayan aro su ake kira laburare. Marubucin ya rubuta nasa a kwamfutarsa, amma wanda zai harhaɗa rubutun ya zama manhaja mai aiki yana wata ƙasa, da wata kwamfutar da marubucin bai taɓa gani ba. Dole wani abu ya shiga gaba ya duba me ke akwai, wace siga ce, a ina aka ajiye ta.

Make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs a 1976, ta san jerin aiki, wanne kafin wanne, amma ba ta duba ajiya. A 1991 David MacKenzie, yana kula da wasu manhajojin GNU, ya gaji da gyara fayilolin gini da hannu saboda kowane irin Unix da nasa hali. Daga nan Autoconf ta samo asali. Duk wanda ya taɓa buga ./configure, rubutun da Autoconf ke samarwa, ya ga layuka suna gudu a allo, yawancinsu tambaya ce mai ƙarewa da i ko a'a.

Hanyar tambayar iri biyu ce. Ko ka karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, ko ka buɗe ka shinshina.

Karanta rubutu ya fi sauri. Wajen shekarar 2000 mutanen GNOME suka fito da pkg-config: kowane laburare ya bar ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .pc, ɗauke da sunansa, lambar sigarsa, inda yake zaune, da sauran laburaren da shi ma yake jingina da su. Sai ka tambaya, akwai zlib 1.2.8 ko sama da haka? Nan take ka sami amsa. A cikin tsare-tsaren gini, CMake na da umarninta find_package, Meson ta Jussi Pakkanen, wadda ta fito a 2013, tana da dependency. Tsari ne mai tsafta, ni ma shi na fi so a fara da shi.

Sai dai kowa ya san gwangwanin madara a gidan Bahaushe: in ka buɗe, sau da yawa kanwa ce a ciki. Bayan ɓarakar tsaro ta Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014, mutanen OpenBSD suka ɓalle daga OpenSSL suka kafa LibreSSL, kuma a gurbin da ake karanta lambar OpenSSL suka sa lambar da ke nufin 2.0. A 2016 OpenSSL 1.1.0 ta fito da sababbin hanyoyin kira. Manhajoji da yawa suka rubuta sharaɗi cewa in lamba ta kai 1.1.0, a yi amfani da sabuwar hanya. LibreSSL ta haye sharaɗin a lamba, alhali a lokacin ba ta da waɗannan hanyoyin. Gini ya dinga rushewa, masu tattara manhajoji suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna faci. Daddawar kalwa da ta waken soya duk daddawa ake ce musu, amma miya ta san bambanci.

Wani lokacin ma rubutun daidai ne, mai karatun ne ya karkace. Da Python 3.10 ta fito a Oktoban 2021, manhajojin da suka saba yanko haruffa uku na farko sai suka ga 3.1, tsohuwar siga ta 2009. Akwai kuma akasin haka: Debian da Red Hat sukan ɗauko gyaran tsaro su sa a tsohuwar siga ba tare da ainihin lambar ta motsa ba, sai mai duba lamba kaɗai ya ƙi kaya mai kyau.

Shi ya sa Autoconf tun farko ta tsaya kan a gwada abu, kada a dogara da lambarsa. Tana rubuta 'yar manhaja mai layi kaɗan da ke kiran aikin da ake buƙata, ta miƙa wa manhajar da ke juya rubutu zuwa yaren inji. In ya wuce, akwai. In ya faɗi, babu. Wannan ɗanɗano ne, ya fi karatu gaskiya, ko da yake yana cin lokaci in gwajin ya kai ɗaruruwa.

Amma mai mura ba ta jin ɗanɗano, kuma nan ne abin ya fi damuna. Gwaji na iya faɗuwa saboda dalilin da bai shafi laburaren ba ko kaɗan, amsar kuma ɗaya ce: babu. Da Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024, manhajojin juya rubutu zuwa yaren inji, suka daina lamuntar wasu tsofaffin sakacin yaren C, gwaje-gwajen da aka rubuta shekaru da yawa baya suka fara faɗuwa shiru. Ginin bai tsaya ba. Manhaja ta fito, sai dai an cire mata wani sashe, ba wanda aka sanar. Mutanen Fedora da Gentoo sun sha wahalar tsefe waɗannan.

Mugu ma ya gane wannan kafar. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1, kuma ta cikin rubutun configure aka ɓoye abin da ke kunna ta. Da aka koma ana bincike, sai aka tarar da wani abu ƙarami a fayil ɗin CMake: ɗigo guda, an jefa shi cikin 'yar manhajar da ke gwada ko akwai Landlock, wani shingen tsaro na Linux. Ɗigon ya sa gwajin faɗuwa a kowace kwamfuta, tsarin ya ɗauka babu Landlock, ya ci gaba da gini ba shinge.

Mai girkin da ta tarar babu daddawa, ta yi shiru ta kaɗa miyarta a haka, ta yanke hukuncin da ba nata ba. Uwargida ce ke da ikon cewa a sayo ko a haƙura. Meson ta kama wannan da kyau, inda ake iya ba zaɓi matsayi uku: a kunna, a kashe, ko a bar wa tsari ya duba. In ka ce a kunna kuma ba a samu ba, gini ya tsaya cak. Duk abin da ya shafi tsaro, a ganina, bai kamata a bar shi a matsayi na uku ba.

In kuma an tsaya, a yi bayani cikakke: me aka nema, wace siga, me aka tarar, ina aka duba. Ɗalibin da ke harhaɗa manhaja a Ubuntu yakan ga an ce babu zlib, alhali ya tabbata tana nan. Gaskiyarsa, zlib1g na nan, wadda manhajoji ke aiki da ita. Abin da babu shi ne zlib1g-dev, ƙunshin da ke ɗauke da fayilolin da gini ke buƙata, har da na .pc ɗin. Saƙon da ya ambaci wannan suna ya gama masa aiki a minti ɗaya. In saƙon bai ambata ba, sai ɗalibin ya buɗe config.log, fayil ɗin da configure ke rubuta sakamakon gwaje-gwajensa a ciki, ya nemi layin da gwajin ya faɗi, ya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.