Tayar Tsohuwar MGB: A Duba Lamba Kafin A Biya Kuɗi

Masu karatu da suka manyanta za su tuna da ƙaramar motar nan mai kujera biyu da ake zuge rufinta, watau MGB. Kamfanin MG ne ya ƙera ta a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma an yi fiye da guda 500,000. 'Yan kaɗan da suka rage yanzu sun zama kayan marmari. Sai ka ga mutum ya kashe kuɗi mai yawa a kan inji da fenti, amma da aka zo ga taya sai ya aiki yaro ya sayo duk wadda ta shiga wili. Alhali kuwa taya ce kaɗai abin da ke haɗa mota da ƙasa.

Da farko MGB ta fito ne da wili mai inci 14, da taya mai lamba 5.60-14. Wannan tsohuwar ƙira ce wadda zaren cikinta ke giciye da juna. Daga baya sai aka koma ga ƙirar radiyal, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. A wannan ƙira, lambar MGB mai buɗaɗɗen rufi ita ce 155-14, ita kuwa MGB GT mai rufin ƙarfe, wadda ta fito a 1965, tata 165-14. Yawancin masu motar a yau 165 suke sa wa kowacce, kuma ba laifi.

To, ga inda ake ruɗewa. Tayar zamani lamba uku gare ta, misali 185/60 R14. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta ƙarshe girman wili da inci, ta tsakiya kuwa tsayin gefen taya ne, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗin. Tsofaffin tayoyi ba su da lambar tsakiya domin a lokacin kusan duk kashi 80 ne ko 82. Saboda haka 165-14 ta dā ita ce 165/80 R14 ta yau.

Bari mu yi lissafin kamar a allo. Kashi 80 na 165 shi ne milimita 132. A ninka biyu, sama da ƙasa, 264 ke nan. A haɗa da wili, inci 14, watau kusan milimita 356. Tsayin ƙafar duka ya zama 620. Yanzu a ɗauki 185/60 R14, wadda ta cika kasuwa kuma mai shago zai rantse maka cewa "ai duk sha huɗu ce". Kashi 60 na 185 shi ne 111, sau biyu 222, a haɗa da 356, ya ba da 578. Ƙafa ta rage da milimita 42, kusan kashi 7 cikin ɗari. Maleji zai nuna 100 alhali motar 93 take yi, inji zai riƙa juyawa fiye da kima a doguwar tafiya, sannan cikin motar ya ƙara kusantar ƙasa da milimita 21. Ga mota wadda dama can a ƙasa take, a kan hanyoyinmu masu ramuka, salansa ce za ta fara biyan bashin.

Wanda ya nace sai taya mai faɗi, 185/70 R14 ta fi kusa, domin tsayinta 615 ne. Amma a ganina ko ita ba ta cancanci wahalar ba. Wilin ƙarfe na farkon MGB faɗinsa inci 4 ne kawai, mai waya irin na keke kuma inci 4 da rabi, ita kuwa taya 185 tana son wili mai inci 5 ko 5 da rabi. In aka matsa ta a kan siririn wili sai gefenta ya kumbura, ta riƙa lanƙwasa a kwana. Ban da haka sitiyarin MGB ba shi da taimakon inji, ƙarfin hannu ne, kuma faɗin taya nauyi yake ƙara masa. Wani lokaci ma tayar baya takan goge madigadi idan an ɗauki kaya.

Akwai wani tarko kuma. Taya mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 185 R14C, ta motocin kaya ce da bas-bas na haya. Tana da arha, tana da ƙarko, amma gefenta mai tauri an yi shi ne don nauyin da ya ninka na MGB, sai ƙaramar mota ta riƙa tsalle a kanta.

Game da wilin kansa, na ƙarfe noti huɗu ne a kan da'ira mai inci 4 da rabi, watau milimita 114.3. Wilin ƙananan motoci da yawa noti huɗu ne shi ma, amma a kan milimita 100, kuma kada a yarda wani ya ce zai buɗa ramukan da goge. Wili mai waya na asali kuwa dole sai da tiyub, domin iska na fita ta gindin wayoyin.

Masu Peugeot 504 Coupé, irin wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Bandama na Kodebuwa da ita a 1978, su lura da kyau. Wasu na ƙarshe-ƙarshe sun zo da wilin Michelin TRX mai milimita 390. A ido kamar inci 15 ne, amma inci 15 milimita 381 ne, kuma tayar wannan ba ta zama a kan wancan ko da mai faci ya yi ta dukanta.

Kada a haɗa tsohuwar ƙira da radiyal a gaba ɗaya ko a baya ɗaya. A duba harafin gudu: S na nufin kilomita 180 a awa, H kuma 210, kuma S ta wadatar da MGB mai inji 1798cc. Sai shekarun taya. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 2319 watau mako na 23 na 2019. In lambobi uku ne, an yi ta kafin 2000, komai kyan zanenta a bar ta. Taya 165/80 R14 tana wuyar samu a Abossey Okai ko Suame Magazine, amma Michelin da Pirelli suna ƙera tsofaffin samfura don irin waɗannan motoci, sai dai a yi oda a jira.