Amosanin Gaɓɓai: Ire-irensa da Hanyoyin Kare Kai

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi biyu, kamar gwiwa da gwiwar hannu da kwatangwalo. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, wanda yake hana ƙasusuwa gogar juna. Idan gaɓa ta kumbura, ta yi ciwo, ta kuma sandare, sai a ce mutum yana fama da amosanin gaɓɓai. Likitoci sun ce wannan cuta ta fi iri 100, amma huɗu za mu duba.

Na farko shi ne amosanin zaizayewar guringuntsi, kuma shi ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne suke ɗauke da shi. Tsufa da ƙiba da tsohon rauni da aikin ƙarfi su ne suke jawo shi, kuma ya fi kama gwiwa. 'Yan dakon da suke sauke buhunan albasa a kasuwar Sasa, kusa da Ojoo a Ibadan, suna cikin wannan haɗari, domin kullum gwiwoyinsu suna ɗaukar nauyi.

Na biyu yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta yaƙi gaɓɓan mai ita. Yakan fara daga yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a lokaci ɗaya, kuma gaɓɓai sukan daɗe a sandare da safe. Ya fi kama mata, kuma shan taba yana ƙara haɗarinsa.

Na uku shi ne gawut. Wani sinadari mai suna yurik asid ne yake taruwa a cikin jini, sannan ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Yakan taso da dare, galibi a babban yatsan ƙafa. Tsiren unguwar Sabo ya yi suna a Ibadan, amma yawan cin jan nama da hanta da ƙoda yana tayar da gawut. Haka ma giya da lemon kwalba.

Na huɗu kuwa ƙwayoyin cuta ne suke shiga gaɓa, sai ta yi zafi tare da zazzaɓi. Wannan yana iya lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki, don haka dole a garzaya asibiti.

Ba a iya hana tsufa ko gado, amma ana iya rage haɗari. Mutum ya kula da nauyin jikinsa, ya riƙa tafiya a ƙasa, ya yawaita cin ganye da shan ruwa, ya kuma guji taba. Ɗan dako ya yi amfani da baro. Wanda ya yi targaɗe ya huta har ya warke. A guji sayen maganin ciwon jiki a hannun 'yan talla, domin yawan shansa yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Idan ciwo ya ƙi tafiya, a je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin guringuntsi?
2. Wane irin amosani ne ya fi kama mata masu sandarewar yatsu da safe?
3. Kawo abinci biyu da suke tayar da gawut.
4. Me ya sa bai kamata a sayi magani a hannun 'yan talla ba?