Zaɓen Na'urar Naɗe Zaren Fatsa Mai Ƙarko Don Kamun Kifin Muskie

Kifin muskie na tafkunan arewacin Amurka da Kanada yakan haura mita ɗaya, kuma yana da wuyar kamu. Masunci kan yini yana jefa ƙugiya mai ɗauke da kifin bogi mai nauyi, yana jawowa. Wannan jifa da ja, fiye da kokawar kifin, shi ke cinye haƙoran na'urar.

Saboda haka gwanaye kan nemi mai gangar jikin alminiyom da haƙoran tagulla, kamar Tranx ta Shimano, Lexa ta Daiwa, ko Ambassadeur ta Abu Garcia. Kafin biya, a tabbatar kayan gyaranta na samuwa, domin araha ba ta ado: na'urar da ta cije ranar kamu ta jawo asarar kifi da kuɗi.