Sauya ƙyauren zuciya ba tare da tsaga ƙirji ba: yadda ake yi da abin da ya shafi Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Ranar 16 ga Afrilu 2002, a asibitin jami'a na birnin Ruwan da ke Faransa, Farfesa Alain Cribier ya sanya wa wani majiyyaci mai shekara 57 sabon ƙyauren zuciya ba tare da ya tsaga masa ƙirji ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake wannan aiki, da kuma duba ko ya dace da irin ciwon zuciyar da ake gani a jihar Maraɗi. Mun fassara kalmar Faransanci « valve » da « ƙyaure », jam'i « ƙyamare », maimakon « murfi », domin murfi sai an ɗauke shi, shi kuwa ƙyaure yana buɗewa ya rufu alhali yana maƙale a mazauninsa.

2. Ƙyamaren zuciya da lalacewarsu

Zuciya tana da ɗakuna 4 da ƙyamare 4, kowane yana barin jini ya wuce gaba, ya hana shi komawa baya. Waɗanda suka fi lalacewa su ne biyu na ɓangaren hagu: na mitiral, da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da na aworta, wanda ke bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga sauran jiki. Lalacewar iri biyu ce. Ko dai ƙyauren ya tsuke, zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar, ko kuwa ya kasa rufuwa, jini ya riƙa yoyo baya. A duka biyun majiyyaci yana haki, yana saurin gajiya, daga baya ƙafafu su kumbura.

3. Tsohuwar hanya

Aikin buɗe zuciya ya samu ne bayan da John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar da ke ɗaukar aikin zuciya da huhu, a Amurka cikin 1953. A 1960 Albert Starr ya dasa ƙyauren ƙira wanda suka tsara tare da injiniya Lowell Edwards. A wannan hanya ana raba ƙashin ƙirji, a tsayar da zuciya, a yanke tsohon ƙyaure a ɗinka sabo. Ƙashin yakan ɗauki makonni kafin ya haɗe, kuma tsoho mai rauni sau da yawa ba ya iya jure aikin. Saboda irin waɗannan mutane ne aka nemi wata hanya.

4. Sabuwar hanya

Ana ƙera ƙyauren da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya ko ta alade, a ɗinke shi cikin wata ragar ƙarfe. Sai a matse ragar har ta shiga cikin siririn bututu. Likita yana huda jijiyar jini a matse-matsin majiyyaci, ya tura bututun yana kallon hoto a na'ura, har ya isa bakin aworta. Can ne za a hura balan-balan ta buɗe ragar, ko kuwa ragar ta buɗe da kanta. Ba a cire tsohon ƙyaure: ana danne shi ne jikin bango, sabon ya zauna a kansa. Ba a tsayar da zuciya, kuma da yawan majiyyata sukan koma gida cikin ƴan kwanaki.

An ba da izinin amfani da shi a Turai a 2007, a Amurka kuma a 2011, da farko ga waɗanda ba za a iya yi wa fiɗa ba. Aikin yana da nasa haɗari: shanyewar jiki, yoyon jini ta gefen ƙyauren, da rikicewar bugun zuciya har sai an sanya wa mutum na'urar daidaita bugu.

5. Halin da ake ciki a ƙasar Hausa

An tsara wannan dabara ne domin ciwon tsufa, inda alli yake taruwa a ƙyauren aworta ya sandarar da shi. Wannan allin ne ragar take kamawa ta tsaya. A Sahel kuwa, babban mai lalata ƙyamare shi ne ciwon zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireptokok a ƙuruciya. Idan ba a ba yaro fenisilin ba, garkuwar jikinsa tana iya juyowa kan ƙyamarensa. An ƙiyasta mutane wajen miliyan 40 ke da wannan ciwo a duniya a 2019, kuma yana kashe kimanin 300.000 a shekara. Masu shi yawanci matasa ne, ƙyauren mitiral ya fi kamawa, sau da yawa yoyo ne, kuma babu allin da raga za ta kama. Ƙari a kan haka, ƙyauren nama ya fi saurin lalacewa a jikin matashi.

Mu ɗauki misalin matashiya daga wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji, wadda haki ya taso wa a cikinta na farko. Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi kimanin kilomita 50 ne, zuwa Yamai kuwa wajen 600. In aka sanya mata ƙyauren ƙarfe, zai daɗe, amma sai ta sha maganin hana daskarewar jini har ƙarshen ranta, ana auna jininta a kai a kai, maganin kuma yana iya cutar da ɗan tayi. In aka sanya na nama, za ta iya haihuwa, amma akwai wata fiɗar a gabanta. A yankin da darajar mace a gidan aure take haɗe da haihuwa, wannan zaɓi ya shafi dangi duka.

Akwai wata hanyar bututu da ta fi kusa da bukatarta: faɗaɗa tsukakken ƙyauren mitiral da balan-balan, wadda likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana a 1984. Ba a dasa komi, ana iya yin ta ga mai ciki, sai dai ba ta maganin yoyo. A Keftawun ta Afirka ta Kudu kuma, ayarin Farfesa Peter Zilla ya yi aiki a kan ƙyauren da ake sawa ta bututu wanda zai iya tsayawa ba tare da alli ba. Ga fiɗa ta buɗe ƙirji kyauta, ƙungiyar Emergency ta buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007.

6. Kammalawa

Dabarar Cribier, wanda ya rasu a 2024, ta ceci tsofaffi da yawa, amma ba ita ce amsar farko ga majiyyatan Gidan Rumji, Agiye ko Gazawa ba. Tun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su mai da hankali kan rigakafi: gane ciwon maƙogwaro da wuri, ɗaukar hoton zuciya, da allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 ga wanda ciwon ya riga ya taɓa. Nan ne harshe ya shigo. Muddin ana kai yaro mai ciwon maƙogwaro wajen wanzami a cire masa hakin wuya, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da kalmomin da zai nuna wa uwa alaƙar maƙogwaro da zuciya, za a ci gaba da ganin majiyyatan ne bayan ƙyauren ya riga ya lalace.